Alƙalan Karak na Al Wukair

A ƙasar Japan akwai barasar gargajiya da ake kira sake, wadda ake yi da shinkafa, kuma tun shekarar 1911 ake gudanar da gasar ƙasa domin tantance wadda ta fi kyau, ƙwararrun masu ɗanɗano kuma kan zuba ta a farin kofi mai shuɗɗan zobba biyu a gindinsa don su ga tsabtar ruwan, su shinshina, su kurɓa, sannan su tofar. Garin Al Wukair, wanda ke kudu da Doha a yankin Al Wakrah na ƙasar Katar, ba shi da wannan gasa, domin dokar ƙasar ta taƙaita sayar da barasa ga wasu otal-otal da masu takardar izini, amma yana da abin da ya isa a yi gardama a kansa, wato karak, shayin da ake dafa baƙin ganye da madarar gwangwani da sukari da hel a tukunya guda har ya yi kauri. Hel kuwa wata 'yar koriyar ƙwaya ce mai ƙamshi da Larabawa ke sakawa a gahawa. Ana sayar da karak riyal ɗaya ko biyu a ƙaramin kofin takarda, galibi a shagunan mutanen Kerala ta kudancin Indiya, kuma Hausawan da ke zaune a rukunin gidajen Ezdan, direbobi da masu gadi da ma'aikatan ofis, sun fitar da nasu alƙalan, waɗanda babu wanda ya naɗa su, babu kuma mai tofar da abin da ya biya kuɗinsa.

Shugabansu shi ne Mai Hanci. Wannan ba ya kai kofi baki sai ya cire murfin, ya lumshe ido, ya zuƙi tururin, ya ɗan girgiza kofin yana duban launin a ƙarƙashin fitilar shago, kana ya yanke hukunci cewa an bar ganyen ya wuce lokaci a wuta, ko kuma hel ɗin daka shi aka yi tun jiya. Yana da'awar cewa harshensa na bambance karak ɗin shagon da ke kusa da filin wasa na Al Janoub, wanda Zaha Hadid ta zana aka buɗe a 2019, da na shagon da ke bayan masallacin unguwa, ko da yake madarar Rainbow ce duka biyun ke zubawa, daga irin gwangwani ɗaya. Idan aka kawo masa kofi biyu daga buta guda aka ce daga wuri biyu suke, yakan yaba ɗaya ya kushe ɗaya, in kuma aka tona masa asiri sai ya ce na saman buta da na ƙasanta ai ba ɗaya ba ne, wanda abin haushi, akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa.

Mai Kewar Gida ba karak yake ɗanɗanawa ba, Kano yake nema a cikin kofi. Ma'auninsa shi ne teburin mai shayi na bakin titi, inda ake haɗa Lipton da madarar Peak da Bournvita a babban kofin roba, a ɗaga hannu sama ana sheƙa shi daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa, a haɗa da rabin burodi da wainar ƙwai. Babban ƙorafinsa girman kofi ne, yakan ce, "Malam, wannan ai maganin tari ne, ba shayi ba." Duk da haka ba a taɓa ganin ya tashi bai sha uku ba.

Abokin adawarsa na dindindin shi ne mutumin Agadas ko Maradi da ya tashi da shayin Buzaye, wato koren ganye da ake dafawa a 'yar buta bisa gawayi, a sha zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. A wurinsa zuba madara a shayi ɓarna ce ga madarar da shayin baki ɗaya, kuma abin da aka miƙa wa mutum cikin minti guda bai cancanci a zauna dominsa ba. Yana shan karak ne, in ji shi, don kada a ce ya raina jama'a.

Mai Hon ba ya sauka daga mota. Al'adar garin ta ba shi dama ya tsaya a ƙofar shago ya danna hon, yaron shago ya rugo cikin zafin da kan haura digiri 40 a bazara, shi kuma ya zuge gilashi kaɗan ya ce "wahid karak", ma'ana karak ɗaya, wanda shi ne kusan iyakar Larabcinsa. Shagon da ya fi kowanne a wajensa shi ne wanda yaronsa ya fi gudu.

Akwai kuma Mai Lissafi, wanda ya cancanci a dakata a kansa, domin uzurinsa ya fi na sauran ƙarfi. Tun watan Maris na 2021 mafi ƙarancin albashi a Katar riyal 1,000 ne a wata, da ƙarin 300 na abinci da 500 na masauki idan kamfani bai bayar da su ba, kuma riyal na ɗaure da dalar Amurka a kan 3.64, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi, kofin karak kan ƙara tsada a idonsa ba tare da mai shago ya ƙara ko dirhami ba. Kafin ya kurɓa sai ya zaro waya ya juya farashin zuwa naira, ya girgiza kai, ya faɗi abin da kuɗin zai saya a Kasuwar Kurmi. Masu lura sun tabbatar cewa ra'ayinsa kan ɗanɗano na bin wanda ya biya: ranar da wani Alhaji ya ce a zuba wa kowa, karak ɗin ya dahu yadda ya kamata, ranar da aka ce kowa ya ji da kansa kuwa, ruwa ya yi yawa.

Na ƙarshe shi ne wanda likita ya hana wa sukari, wanda kan ɗaga murya ya yi odar marar zaƙi yadda kowa zai shaida, ya jira a dafa masa nasa dabam tunda na babbar buta da sukarinsa aka dafa, ya kurɓa sau ɗaya ya yamutsa fuska. Daga nan sai ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Ɗan'uwa, ɗan tsiyaya mini naka in gyara," ya yi ta gyarawa har kofin maƙwabcin ya ƙare, sannan ya tashi yana yi wa matasan wurin nasiha kan illar zaƙi.