Yadda Ake Zama Gwanin Gambarar Zamani Daga Paikon Kore

Ƙanena, labari ya iso ni cewa ka sayi baƙin tabarau da sarƙar wuya, har ka raɗa wa kanka sabon suna mai "Lil" a gaba. Madalla. Saura waƙar.

Fara da mayar da motar aro. Duk Paikon Kore an san a bayan ɗan acaɓa kake shiga Gwagwalada. Ranar da ka rera cewa dala ta yi maka yawa, mai shagon da ke bin ka kuɗin garin kwaki zai ji, kuma kafin magariba zai yi sallama da littafin bashi a hammata.

Daga nan sai ka ɗauki biro ka zaga gari. Ga makiyayi a filin kiwon da gwamnati ta keɓe, yana lissafin tsadar dusa da maganin shanu. Ga manomin doya Bagwari da kuɗin taki ya hana shi barci. Ga wanda ya gama Jami'ar Abuja yana tsare da rumfar cajin waya. Kowannensu baiti goma ne, kyauta, ba wanda zai ce ka biya. Ɗan Maraya Jos da ɗan kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ya yi a kan auren dole. Ya rasu a 2015, har gobe ana sauraronsa a tasha. Shata ya tafi tun 1999, amma maganganunsa na bakin mutane.

Kada ka ce ai su na gargajiya ne. Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano, ya saki "Jaga Jaga" a 2004 har Shugaba Obasanjo ya fusata, a 2025 kuma hukumar NBC ta hana sa waƙarsa "Tell Your Papa" a rediyo da talabijin. Ba wanda ke hana waƙar da ba ta ce komai ba. Saurari B.O.C Madaki da ClassiQ ka ji yadda ake ɗora Hausa a kan kiɗan zamani ba tare da ta karye ba.

Kafin ka kai kuɗinka situdiyo, yi wannan gwaji: kashe kiɗan, ka karanta wa kakarka baitocin. In ta tambaye ka ko zazzaɓi ke damunka, yaga takardar. In ta jawo muciya, akwai batsa a ciki, cire ta da gudu. In ta yi shiru sannan ta ce, "Maimaita min wancan," ka samu waƙa.

Amsa-amo kuma ba farilla ba ne. Kada don "kuɗi" ya dace da "daɗi" ka maimaita su sau arba'in.

Ina son in ji sunan Paikon Kore a Arewa24 daga bakinka, ƙanena. Cire tabarau ɗin, dare ya yi, ka zauna ka rubuta.