Batman Da Tankar Yaƙi

Idan aka ɗauke wuta a shagon gem na Kwanar Dangora ko Tudun Wada, kafin a tashi janareto, gardama ce ke cike gurbi. Ɗaya daga ciki ita ce ta motar Batman.

A 2015 kamfanin Rocksteady na Landan ya fitar da gem ɗin Arkham Knight, ya ba gwarzon mota mai rikiɗewa ta koma tankar yaƙi, har da igwa mai bakin milimita 60. Shi kuwa wannan bawan Allah, a gabansa aka harbe iyayensa a birnin Gotham, shi ya sa ya rantse ba shi ba bindiga, ba shi ba kisa. Ga shi yanzu yana ɓarin wuta a tsakiyar gari.

Masu kare kamfanin suna da amsa. Wai tankokin da yake fasawa babu kowa a ciki, kuma wanda motar ta banka, lantarki ne ke cilla shi gefe, suma kawai yake yi. To, madalla! Duk direban da ke bin titin dajin Falgore zuwa Doguwa ya san abin da ƙarfe mai gudu ke yi wa akuya, balle mutum mai haƙarƙari.

Gem ɗin yana da daɗi, ba musu. Amma Batman na gaskiya na laɓe ne a duhu, da naushi da dabara. Mai tuƙa tanka kuwa soja ne, ko da ya sa hular jemage.