Ku Masu Cewa Ƙwaro Ƙwaro Ne

Na san abin da za ku ce tun ban buɗe baki ba. Alhaji zai gyara zaman hula ya ce, "Malam, ana fama da tsadar masara, kai kuma ka kwaso mana labarin ƙwaron Turai?" Hajiya kuwa ba za ta ɓata yawunta ba, harara ta wadatar. To ku sha kuruminku, ba gudummawa na zo nema ba.

Wani siririn mazari ne da ke bakin kogunan Ingila, Faransa da Jamus, masana suna kiransa Calopteryx splendens. Kada ku haɗa shi da ƙaton mazarin da kuka saba gani yana shawagi a kan kududdufi. Wancan idan ya sauka, fukafukansa a baje suke, idanunsa kuma sun cika masa kai. Wannan kuwa naɗe fukafukansa huɗu yake yi a bisa gadon baya, idanunsa ɗaya can ɗaya can, jikinsa bai kai santimita 5 ba.

Namijin ɗan gayu ne na ƙarshe. Jikinsa shuɗi ne mai ƙyalli, in rana ta buge shi ta gefe sai ya koma kore. A tsakiyar kowane fiffike akwai wani faffaɗan tabo mai duhu, gindin fiffiken da bakinsa kuma garau. Macen koriya ce, ba ta da tabon, sai ɗan farin ɗigo kusa da ƙarshen fiffike.

"Duk ɗaya ne," in ji Alhaji. Haba Alhaji! Kai da kake hango rago daga ƙofar kara ka ce wannan Uda ne wancan Balami, yau kai ne kake cewa duk ɗaya? To ga jarrabawa. Yana da ɗan'uwa, Calopteryx virgo, wanda Linnaeus ya raɗa wa suna a 1758. Girmansu kusan ɗaya, ƙyallinsu ɗaya, amma shi namijin virgo kusan duk fiffikensa rine yake. Kuma ɗabi'unsu sun sha bamban. Mai tabo ya fi son kogin da ke tafiya a hankali, mai laka a ƙasa da ciyayi a gefe. Virgo mai tsantsami ne, sai rafi mai gudu da sanyi, mai yashi da tsakuwa, inda bishiyoyi suka yi inuwa. Wanda ya san su, da ya ga fiffike ya san irin ruwan da ke gabansa tun bai tsoma ƙafa ba.

Kuna ganin kwalliyar nan, ba a banza aka same ta ba. Kusan shekara biyu mai tabon yake yi a cikin ruwa yana ɗan tsutsa mara kyan gani, yana laɓe a saiwoyi, yana cafko ƙananan halittu da wani leɓe da yake miƙawa farat ɗaya. Sai tsakanin Mayu da Agusta ya hau kara, fatar bayansa ta tsage, ya fito. Bayan duk wannan wahala, 'yan makonni kawai yake yi a sarari.

A 'yan makonnin nan kuwa ba ya wasa. Sai ya kama wani ganye a bakin ruwa ya ce nan gidansa ne, duk namijin da ya matso a yi ta kora. In mace ta gifta, ya sha gabanta yana kaɗa fiffike da sauri, ya ɗaga ƙarshen jelarsa ya nuna mata farin da ke ƙasa. Hajiya, na ga kin fara murmushi, ashe dai ana saurare. In ta amince, ita ce mai sauran aikin: tana cusa ƙwai a cikin karan ciyawar ruwa, wani lokaci har ta nutse gaba ɗaya, shi kuwa gogan yana sama yana gadi.

Saura tambayar da na san tana cin Alhaji tun ɗazu: ana soya shi kamar fara? A'a, ranka ya daɗe, ko yaji ba zai riƙe ba. Shi ne ma mai ci, ƙananan ƙudaje da sauro yake kamawa a iska. Kai fa, sauro nawa ka kama jiya da dare, ban da marin da ka sha a kunnenka?