Cinikin Biri a Sama

Jama'a, ku matso mu faɗa wa juna gaskiya, tunda babu bare a cikinmu. Mu ne iyaye suka ja wa kunne cewa ba a cinikin biri a sama, kuma zuwa da kai ya fi aike. Yau kuwa mu ne za ka gani a rumfa a Kantin Kwari, ko a tsakar gida bayan an sauke tukunya, an turo mana hoton atamfa a waya, mu buɗa shi da yatsu biyu, mu ce "wannan za ta tafi," mu tura kuɗin da ya isa sayen fili zuwa Guwanzu ta Chaina, hannun wanda ba mu taɓa musabaha da shi ba. Mu rufe shago, mu koma gida, mu yi barcinmu lafiya lau.

Kada wani ya ce mun bar gado. Sauya hanya shi ne gadon. Kakanninmu fatake watanni suke yi a ayari da jakuna zuwa Salaga neman goro, madugu a gaba, a kwana zango zango, a sauka gidan fatoma ya nemo mai saye ya ci la'adarsa. Da Alhassan Ɗantata ya ga jirgin ruwa ya fi jaki sauri, sai ya riƙa ɗora goronsa ta teku zuwa Legas. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatauci ya hau dogo. Iyayenmu kuma suka kama hanyar Dubai da Chaina, su dawo da ƙatuwar jaka da labarin abincin da suka kasa ci.

Sai ga korona a 2020, jirage suka tsaya, kowa ya zauna inda yake. A nan muka gano cewa yaron unguwarmu da ke karatu a Chaina shi ne sabon fatoma. Ya shiga kasuwa ya kira mu ta bidiyo, mu ce "juya min bayanta, ja bakin mu ga ko zare zai fita," kamar hannunmu na kai. Alhajin da ko saƙon waya sai an karanta masa, yau ya san Alibaba, ya san shafin 1688, yana taya kaya da Basine a WeChat, waya na yi musu tafinta, kuma ko ta fassara "albarka" daidai ko ba ta fassara ba, ciniki dai yana faɗawa. Da aka buɗe hanya, da yawanmu ba su koma ba, don an lissafa an ga kuɗin tikiti da masauki ya isa ƙarin dila.

Wanda ƙarfinsa bai kai kwantena ba, sai a yi haɗaka. Mu goma a kwantena ɗaya, mai takalma, mai labule, mai fitilar sola, kowa ya rubuta sunansa a kwali, kowa kuma in ya zauna a majalisa sai ya ce "kwantenata na hanya." Daga nan sai kalmar da ta haɗa mu kaf, babba da yaro: kaya na kan ruwa. Mai bin bashi ya zo, kaya na kan ruwa. Uwargida ta tuna da ɗinkin Sallah, kaya na kan ruwa. Kuma sau da yawa gaskiya ce tsagwaronta, don tafiyar teku makonni ce, fitar da kaya daga Apapa ko Tin Kan kuwa sai mai haƙuri.

Wuya ce ta koya mana kada mu dogara da ƙofa ɗaya. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, waɗanda suka saba da hanyar Kwatano ta Maraɗi sun ji a jikinsu har ƙarshen 2020. Juyin mulkin Nijar na 2023 ya sake toshe hanyar. A shekarar ce kuma tashar Lekki ta fara aiki, aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano. Yanzu kowane ɗan kasuwa yana da ejan biyu, lambar direba uku, da wani abokin ciniki na ajiya saboda bacin rana.

Batun dala kuwa, mu faɗa kawai. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, kafin mu karya kumallo sai mun tambayi 'yan canjin Wapa nawa ta kwana. In ta tashi da safe, kafin azahar mun ƙara kuɗin kayan da suka shekara a sito. In ta sauka, sai mu ce ai tsohon kaya ne, da tsada muka saro. Mu fita daga shagonmu, mai shinkafa a kasuwar Singa ya faɗa mana irin wannan magana, mu riƙe baki mu ce mutane ba sa tsoron Allah.

Ga ɓoyon wurin sari. Maƙwabcinka za ku ci tuwo kwano ɗaya, ka ba shi aron kuɗi, har ka ba ɗansa 'yarka, amma lambar masana'antar da kake saro wa, sai dai ya ji a salansa. Mu kankare adireshin da ke jikin kwalinmu, mu kuma miƙa wuya mu leƙa na kwalinsa. 'Yan'uwanmu mata kuwa sun nuna mana ana kasuwa ba shago ba sito. Hajiya ta ɗora hoto a WhatsApp, a turo kuɗi, sannan ta aika a karɓo a Kwari, a kai tasha a ba direban Yola ko na Damagaram wanda lambar wayarsa kawai aka sani. Gobe war haka kaya na hannun mai su.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan. In hira ta yi daɗi, mu ne masu jimamin masaƙun Kaduna da na Sharaɗa da Bompai da suka rufe, muna jimamin sanye da yadin da muka yi odarsa da kanmu. Alhali kwantenar da ta kawo shi ba kullum take komawa wayam ba. A Dawanau ake cika ta da riɗi, zoɓonmu ya tafi Meziko, fatarmu ta Kano ta tafi Italiya ta zama jakar da ba ma iya taya ta. Tsadar dala dai ta sa wasunmu sun fara waiwayar masu takalma na Aba da na Ƙofar Wambai, da telolin unguwa, sun ga ashe in an ba su samfuri da kuɗin aiki kan lokaci, suna fitar da abin nunawa.

To, amanar da ta sa muke tura miliyoyi ga wanda ba mu sani ba, muke damƙa wa direba kaya ba takarda, ita ce jarinmu tun zamanin ayari. Mu ɗan gutsura wa na gida daga cikinta. Shi ga birinsa nan a ƙasa, ka taɓa, ka juya, ka taya, kuma ba zai taɓa ce maka kaya na kan ruwa ba.