Hulunan Madannai da Aljanun Gidanmu

Sana'ata buga takardu a kwamfuta, wuta kuwa a unguwarmu sai tsakar dare take leƙowa. Shi ya sa ranar da na sayo kibod irin na makanikal, mai suwic ɗin Cherry MX Blue a ƙarƙashin kowane madanni, ba wanda bai san na yi sayayya ba a gidan. Daren farko uwargida ta zabura ta ɗauko tsintsiya, wai ɓera ya shiga buhun masara. Da ta gane ni ne ɓeran, sai ta ce, "Maigida, ko dai abin nan ya yi shiru, ko ni in tafi gidanmu in yi barci."

Na shiga YouTube neman magani, na tarar da samari suna kanga makirufo a jikin kibod kamar likita na sauraron ƙirjin majinyaci. A wurinsu na ji cewa hular robar da yatsa ke taɓawa ita ke juya sauti. Tawa robar ABS ce marar kauri, shi ya sa take ƙas-ƙas-ƙas. Ta PBT mai kaurin wajen milimita 1.5 ta fi nauyi, muryarta ta fi zurfi. In kuma doguwa ce irin samfurin SA, ramin cikinta na da girma, sai sautin ya yi amo. Nan take na yi odar dogaye masu kauri daga Sin.

Da suka iso na ɓamɓare tsofaffin da cokali mai yatsu. Dogon madannin nan na ba da tazara ya yi tsalle ya faɗa kwanon miyar kuka. Na wanke shi, na jera sababbi, na zauna jiran wuta.

Ƙarfe ɗaya na dare na fara aiki: dum, dum-dum, dum. Ina cikin jin daɗi sai na ji muryar Baba daga ɗakinsa: "Wane ne a ƙofa?" Na tsaya cak. Ya fito da tocila da gora, ya buɗe ƙofar gida, babu kowa. Yana komawa na ci gaba, ya sake fitowa, wannan karon yana ta'awizi da ƙarfi. Kafin gari ya waye liman ya samu labarin aljanu na ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Uwargida kuwa ta ce har yanzu tana jin ɓeran, sai dai yanzu ya samu abokin kiɗa. Ƙanena ya duba ya ce, "Yaya, ƙas-ƙas ɗin a cikin suwic ɗin Blue yake, da gangan aka sa shi. Suwic ɗin Red ya kamata ka saya. Canza hula ba ya hana mai surutu magana."

Na kwashe kayana na koma aiki da rana a shagon wani abokina mai sola. Tun daga ranar ƙofa ta yi shiru. Baba ya ce addu'ar liman ta ci, kuma a matsayina na babban ɗa, ni zan biya kuɗin wainar sadaka.