Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Ilebin-Fulas

Zuwa ga Hajiya Ilebin-Fulas,
Jarrabawa mai tsaron ƙofar makarantun Girama,
Ƙasar Ingila.

Ranki ya daɗe,

Ya ƙarfin jiki, ya kuma sanyin ƙasarku? Dole in tambayi jiki, don duk wadda aka yanke wa cibi a dokar ilimi ta 1944, zamanin minista R. A. Butler, ai ta ba shekara tamanin baya. Sa'o'inki da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Ke kuwa kina nan daram, ko sanda ba kya dogarawa. Duk watan Satumba sai kin fito kin tara yara 'yan shekara goma, waɗanda ba su fi mako biyu da shiga aji shida na firamare ba, ki miƙa musu fensir, ki ce su nuna miki ko suna da ƙwaƙwalwa.

Ni uba ne, ɗaya daga cikin dubban da kike hana barci, kuma tunda tsakanin kaka da jika akwai wasa, ina roƙon ki yi haƙuri da abin da zan faɗa.

An ce da aka kawo ki, niyya mai kyau ce. Za ki raba yara gida uku: masu kaifin karatu su tafi Girama, masu hannu da sana'a su tafi makarantar fasaha, sauran su tafi sakandaren gama-gari. Makarantun fasahar ba a gina na kirki ba, sai aikinki ya koma raba mutane biyu, 'yan kaɗan ciki, mafi yawa waje. Daga cikin malaman da suka tsaya miki har da Cyril Burt, masanin halayyar ɗan Adam da ya haƙiƙance cewa basira gado ce, kuma ana iya auna ta tun yaro yana ƙarami. Ya mutu a 1971, ba a jima ba aka fara zargin cewa alƙaluman bincikensa a kan tagwaye akwai ƙage a ciki. Har yau malamai na jayayya a kan wannan zargi. Ke dai ko gezau, kin ci gaba da awonki.

Kuma an nemi ranki ba sau ɗaya ba. A 1965 ministan ilimi Anthony Crosland ya aika wa ƙananan hukumomi takarda cewa su haɗe makarantu, kowane yaro ya shiga ba tare da tankaɗe ba. Abin dariya, Margaret Thatcher, wadda ita kanta 'yar Girama ce kuma ba ta ƙi ki ba, a lokacin da take ministar ilimi daga 1970 zuwa 1974 aka sa hannu kan rufe ko sauya makarantun Girama fiye da na kowane minista. A 1998 gwamnatin Tony Blair ta yi dokar hana buɗe sababbi. Duk da haka guda 163 suka tsira a Ingila, kuka maƙale a Kent da Buckinghamshire da Lincolnshire da wasu unguwannin Landan da Birmingham. Firaminista Theresa May ta so ta ɗage miki takunkumi a 2016, zaɓen 2017 ya karya mata gwiwa. A Ireland ta Arewa kuwa gwamnati ta yi miki sallama a 2008, kafin a share makoki makarantu suka ƙirƙiro nasu jarrabawowin har kala biyu. Hajiya, wane malami ne yake miki aiki?

To bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato makin nan naki.

A Buckinghamshire kin ce 121. Yaro ya samu 121, ya cancanta. Ya samu 120, sai a rubuto wa iyayensa cikin ladabi irin na Turawa cewa bai kai ba. Na daɗe ina ɗauka cewa lambar nan adadin tambayoyin da yaro ya amsa daidai ne, ashe ba haka lissafin yake ba. Abin da yaro ya ci sai an zuba shi a injin, a gwada shi da na sauran yaran da suka zauna a wannan shekarar, a ajiye na tsakiya a kan 100, sannan a duba watan haihuwa, don kada wanda aka haifa a Satumba ya danne na Agusta don ya girme shi da kusan shekara guda. Wannan na watan haihuwa na yaba miki, adalci ne. Amma ki duba abin da sauran lissafin ke nufi. Tunda kowa da ɗan'uwansa ake gwada shi, ko da duk yaran gundumar za su kwana suna karatu su ninka ƙoƙarinsu, kason da zai haye layin nan ba zai canza ba. Layin ba ya tambayar ko yaro zai iya karatun Girama. Kujerun da ke ƙasa yake kallo. Irin rabon naman watanda ne: kashi nawa aka yi, su za a ɗauka, komai yawan masu kwano a hannu. Sai dai mai watanda ba ya bin wanda bai samu ba har gida ya ce masa laifin kwanonsa ne.

Da ma a nan kika tsaya, da sauƙi. Akwai makarantun da cin jarrabawa ma bai isa ba, sai an jera yara daga na ɗaya har na ƙarshe, a ɗebi na sama. Makarantar maza ta Queen Elizabeth's da ke Barnet a arewacin Landan, wadda aka kafa tun 1573, gurabenta na shekara ba su kai ɗari biyu ba, masu nema kuwa dubbai. A irin wannan layi, tsakanin yaron da ya shiga da wanda aka bari a waje wani lokaci tambaya ɗaya ce, wataƙila wadda ya tsallake don fitsari ya matse shi. Wasu makarantun kuma idan maki ya zo kunnen doki sai a ɗauko taswira a auna nisan gidan yaro zuwa ƙofar makaranta, a miƙe ɗoɗar, kamar yaron tashi zai riƙa yi ta saman rufin mutane. Shi ya sa za ki ga iyali sun kwashe kayansu sun koma ƙuntataccen gida mai tsadar haya, don kawai su matso da mita ɗari biyu.

Ina ma za ki leƙo ƙofar zauren jarrabawarki ranar Asabar da sassafe. Layi har kwana. Kowane yaro riƙe da leda mai haske, fensir biyu da abin gogewa a ciki, da gorar ruwa da aka ɓare wa takarda. Wata uwa tana gyara wa 'yarta kwala karo na ba adadi, bakinta na motsi, addu'a take. Wani uba ya durƙusa yana ce wa ɗansa, "Kada ka damu, ba komai ba ne," alhali gumi ya jiƙa masa riga a sanyin Ingila. A ciki kuma me kike tambayarsu? Lissafi da Turanci, wannan mun ji. Sai kuma ki zana akwati huɗu, cikin kowanne da alwatika tana juyawa, ɗigo baƙi yana tsalle daga kusurwa zuwa kusurwa, ki ce a faɗi yadda na biyar zai kasance, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Na ga injiniya mai digiri biyu ya juya takardar nan sama da ƙasa, daga bisani ya ce bari ya sha shayi tukuna.

Tsakiyar Oktoba sakamako ya fito, sai zaurukan WhatsApp na iyaye su kama da wuta. "Naku nawa ya samu?" "Bara a nawa aka tsaya?" "Mu muna na talatin da bakwai a jerin jira, akwai rabo kuwa?" Mutanen da ko lissafin cefane matansu ke yi musu, sai ga su sun zama masana alƙaluma, suna hasashen inda layi zai faɗa. Kafin 31 ga Oktoba a cike fom, sannan a zauna zaman jira har 1 ga Maris, ranar da ake sanar da kowa makarantar da ya samu. Wata huɗu cur yaro yana yawo da lamba a ka, har abokansa a filin wasa sun san ta.

Yanzu maganar lesin, wadda na san ba kya so a tayar. Kin ce basirar haihuwa kike aunawa, wadda ba a saye a kasuwa. To me ya sa kasuwar ta cika? Tun yaro na aji huɗu ake kai shi wurin malamin lesin, ana biyan fam masu ciwo duk sa'a, ana sayen littattafan gwaji tuli, har da jarrabawar gwaji ta kuɗi a ɗakin taro don ya saba da ƙarar agogo. Kin taɓa cika baki cewa an samo maganin abin. Cibiyar CEM, wadda ta fito daga Jami'ar Durham, ta kawo jarrabawar da aka yi ta tallatawa cewa lesin ba ya cin ta. Buckinghamshire ta karɓa a 2013. Masu lesin suka yi murmushi suka buga sababbin littattafai. Bayan shekara biyar gundumar ta koma wa kamfanin GL Assessment. Gidauniyar Sutton Trust ta ba da rahoto a 2013 cewa yaran da ke cin abincin makaranta kyauta, wato 'ya'yan marasa ƙarfi, ba su kai kashi 3 cikin ɗari na ɗaliban Girama ba, alhali a unguwannin da makarantun suke sun ninka haka sau da yawa. Ko dai Allah ya zuba basira a gidajen masu hali kaɗai, ko kuma ma'auninki yana jin nauyin aljihun uba. Ni na san wanda na yarda da shi.

Kada ki ce ai makarantunki ne ke fitar da sakamako mafi kyau. Gaskiya ne, suna saman jeri duk shekara. Wanda ya tsince yaran da suka fi kowa tun a ƙofa, ina abin mamaki idan suka fita suna gaba? Stephen Gorard da Nadia Siddiqui na Jami'ar Durham sun bi diddigin wannan a 2018, suka ce idan aka yi la'akari da irin yaran da ake ɗauka da gidajen da suka fito, fifikon ya ɓace.

Kuma layin nan naki, wanda kike nunawa kamar daga sama aka saukar da shi, mun san hannu ne ke ja da shi. A Birmingham an taɓa samun guraben maza 540, na mata 360, don haka yarinya sai ta fi yaro maki kafin ta shiga. Sai da magana ta kai kotun ƙoli ta wancan zamani, a 1989 aka yanke cewa wariya ce. Mu 'yan Najeriya ma ba baƙi ba ne a nan. 'Yar'uwarki Kwaman Entaran, wadda NECO ke shiryawa don shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, ta taɓa fito da jeri a 2013 inda ɗan Anambra ke buƙatar 139, ɗan Zamfara kuwa 4. Aka yi ta cece-kuce. Amma ita aƙalla ba ta ɓoye cewa rabon kujeru take yi ba.

Ba na ce kowa kin cuta ba. Keir Starmer ta ƙofarki ya bi ya shiga Girama ta Reigate, ya zo ya zama Firaminista. Sai dai ki tuna da John Prescott, wanda kika kayar. An yi masa alkawarin keke idan ya ci, bai samu ba, ɗan'uwansa ya ci aka saya masa. Mutumin nan ya riƙe muƙamin Mataimakin Firaminista shekara goma, daga 1997 zuwa 2007, amma har tsufansa bai daina ba da labarin keken nan ba.

Ba zan ce ki yi ritaya ba, don waɗanda suka fi ni ƙarfi sun faɗa kin binne su. Roƙona ƙarami ne. A takardar da kike aika wa iyaye, ki daina rubuta cewa yaro bai cancanta ba. Ki rubuta yawan waɗanda suka zauna, da yawan kujerun da ke akwai, da manyan baƙaƙe a saman shafi, kafin makin. Idan da hali ki ƙara layi ɗaya da iyaye za su cike, na kuɗin lesin da aka kashe. Yaro ɗan shekara goma ya iya lissafi, ke shaida ce, zai gane sauran da kansa.

A gaishe da su GL Assessment da duk masu lesin na Kent, Allah ya ƙara kasuwa.

Naki jikan da bai gaji da tsiya ba,
Wani uba mai jiran 1 ga Maris.