Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Simintin da Ke Hannuna

Zuwa ga Mai Girma Simintin Ɗori,
Ofishin Hannun Dama,
Kubwa, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, tunda tare muke kwana muke tashi. Idan ka ga rubutun ya karkace, da hagu na yi shi, ka kuwa san wanda ya jawo.

Na bi diddigin asalinka. Wani likitan soja ɗan ƙasar Holan, Antonius Mathijsen, shi ne a 1851 ya fara cusa farin garinka a jikin bandeji, a jiƙa, a naɗe, ya ɗauki ɗumi ya daskare. Karayar da ka zo jinya kuma, ta ƙashin da ke dab da wuyan hannu, likitan Ailan Abraham Colles ya bayyana ta tun 1814. Turawa kan same ta a kan tsaunuka, suna sulu bisa allo cikin dusar ƙanƙara, su faɗi su dafe ƙasa da tafi. Ni kuwa a filin ƙwallon unguwa na samo tawa, a garin da ƙanƙararsa ke cikin firji, shi ma sai in an kawo wuta.

Ga ƙorafina na farko. 'Yan'uwanka na jini ne ake ƙawata silin da su a gidajen Maitama da Asokoro, suna can sama suna shan sanyin na'ura. Kai me ya kai ka hannun ƙaramin ma'aikaci mai bin motar haya zuwa Sakatariya cikin zafin Maris? Gumi ya taru a ƙarƙashinka, ƙaiƙayi ya kafa sansani, likita kuma ya kafa doka: ba tsinken tsintsiya, ba biro, ba allurar saƙa, kada fata ta yi rauni inda ido ba ya gani. Sai dai in ƙwanƙwasa maka kamar mai bin bashi, ka yi shiru.

Na biyu, cikin hannuwa biyu ka rasa wanda za ka kama sai na dama. Ka san matsayinsa a wurin Bahaushe kuwa? Tuwon da na girma ina yanka da yatsu yanzu da cokali nake bin sa. Na miƙa wa wani dattijo kuɗi da hagu a Kasuwar Wuse, ya dube ni sama da ƙasa, sai da na ɗaga ka sama ya ce, "Ayya, sannu ɗana." A banki an ce sa hannuna ya canja. Kaftanina sun ƙi ka, babbar riga kaɗai ta karɓe ka. Wanka kuwa sai an yi maka lulluɓin leda an ɗaure da roba, don ruwa na taɓa ka ka yi laushi. Malam ya sauƙaƙa mini alwala, ya ce shafa a kanka ta wadatar. Ko ba komai ka zaunar da ni darasin fiƙihu.

Kawu ya bugo waya daga Zariya yana faɗa, wai da mai ɗori aka kai ni, da karare da tofi an gama. Goggo ta ce a'a, sai Asibitin Ƙashi na Dala. Ni na tsaya maka, na ce hoton ƙashi ya nuna kana riƙe da amana. Ina bin sharuɗɗanka: hannu bisa filo da dare, yatsu cikin motsi da rana, in sun yi sanyi ko sun kumbura ko sun daina ji, sai asibiti ba jira. Gaskiya kuma ɗaya ce, ka samo mini kujerar gaba a mota, ka raba ni da ɗaukar jarka.

Amma ka saurara da kyau. Wa'adinka mako shida ne. Na ji ana raɗe-raɗin ƙarin mako biyu idan ƙashi bai gama kamawa ba. Ina tunatar da kai cewa a garin nan Majalisar Dattawa ta binne batun zango na uku a 2006. Ba tazarce. Ranar miƙa mulki za a zo da zarton nan mai karkarwa a raba ka biyu, kuma babu fansho, babu garatuti.

Naka cikin dole,
Mai hannun.

Kwafi zuwa ga: Hannun Hagu, Mai Riƙon Ƙwarya. A shirya takardun miƙa aiki.